Alhaji Jalo Ya Zama Mamba

Mansir ya fara ganin Saudatu ne a shagon ɗinkinsa da ke Wunti, ranar da ta kawo atamfa ta roƙe shi kada ya yi mata alkawarin tela. Ya gama a ranar da ya faɗa, abin da ya ba har shi kansa mamaki. Kafin wata biyu tana kiransa Telana, shi kuma yana kiranta Hasken Ido.

Ya ce zai kai ta silima. A waya an rubuta tikiti dubu biyu da ɗari biyar. Da ya danna, sai ga kuɗin hidima, ga na zaɓen kujera, ga wani da ba a ma raɗa masa suna ba. Dubu biyar ta tikiti biyu ta kusa takwas, katinsa ya ƙi.

Ya tura mata: "Hasken Ido, kuɗina bai kai ba. Mu bari sai wani satin."

Ta amsa: "Telana, na riga na ɗaura ɗankwali. Bar min."

Ita ke riƙe wayar mahaifinta, Alhaji Jalo mai yadi, don idonsa ya yi rauni. Ta biya da katinsa, ta zuba masa tsabar kuɗin a durowarsa, ta goge saƙon banki. Abin da ba ta gani ba wani ɗan rubutu ne can ƙasa: mai katin ya zama mamban masu kallon silima, za a riƙa cirar dubu ɗaya da ɗari biyar duk wata.

Wata ya zagayo tana makaranta. Saƙon banki ya shigo, Alhaji ya miƙa wa maƙwabcinsa wayar ya karanta masa, a gaban masu ciniki.

"Alhaji, ashe ana ɗan leƙa silima?" in ji maƙwabcin.

Kafin azahar labari ya zaga layin 'yan yadi. Saudatu ta faɗi gaskiya, Alhaji ya ce kada telan nan ya sake taka ƙofar gidansa.

Mansir ya rufe shago ya tafi silima. Suka ce ba su ba ne, masu manhaja ne. Masu manhaja suka ce banki. Banki suka ba shi fom. Sati uku yana wannan zarya, ɗinkin biki biyu ya kuɓuce masa. Kowace la'asar yakan durƙusa a bakin shagon Alhaji ya faɗi inda aka kwana, Alhaji na auna yadi bai kalle shi ba.

Ranar da aka dakatar da cirar, ba a mayar da ko sisi ba. Mansir ya faɗi hakan kansa a ƙasa.

"Da ka ciro daga aljihunka ka ce sun biya, da ban sani ba," in ji Alhaji.

"Baba, ai ɓoye-ɓoyen ne ya kawo mu nan."

Alhaji ya naɗe yadinsa, ya ce wa Mansir ya turo manyansa.

An ɗaura aure bayan Juma'a, an raba dabino da alawa. Allah ya sa albarka, ya bar su su tsufa tare. Ba kowa ake bar wa hakan ba.