Ganyen Ƙarshe a Turmin Kaka

Auta ta kasa zama. Ta leƙa ƙofa, ta dawo ta gyara tabarmar da ba ta karkace ba, ta sake leƙawa. Kaka na gefen turmi tana dakan maganin ƙuna, wanda ta gada wurin mahaifiyarta.

"Ke, zauna mana, kin sa ni jiri," in ji Kaka.

Ina zama? Jiya Kawu ya rantse ba zai ba da ita ga saurayinta ba, don a kamfanin magunguna yake aiki.

"Ba ke yake so ba, turmin nan yake so," in ji shi. "Su kwashe sirrin, su yi rajista da sunansu, gobe a hana mu sayar da abinmu."

Ta sha kuka, don tana son yaron, tana kuma tsoron kada zancen Kawu ya tabbata.

Sai ga sallamar saurayin, sanye da farar riga. Ya durƙusa ya gaida manya, duk ya rame. Kaka ta jawo ƙullin ganyen ƙarshe da take zubawa a maganin, wanda ko Kawu bai taɓa gani ba, ta hau kwancewa. Kawu ya miƙa wuya.

Saurayin kuwa ya juya ya fuskanci bango.

"Mai farar riga, bango ka zo zance wurinsa?" Kaka ta tsokane shi.

"Kaka, ki rufe tukuna. In na gani ba zan manta ba, ga manaja ya matsa mini lamba. Na ce masa sai da yardarki, da sunanki a rajistar. Shi ne ya sallame ni."

"Ya kore ka?" in ji Auta. "Ba ka faɗa mini ba!"

"Kunya na ji."

Kawu ya gyara murya. "To, marar aiki za mu ba 'ya?"

"Shi ya kau da kai," in ji Kaka, "kai da na haifa wuyanka har ya kusa tsinkewa."

An ja watanni. Auta ta rame da zullumi, saurayin kuma yana ta zirga-zirga tsakanin lauya da ofis, har maganin ya samu kariya da sunan Kaka. Sannan Kawu ya sauko, aka ɗaura aure. Haƙurinsu bai faɗi ƙasa banza ba, don riƙon amana ne ya kawo masa abin da wayo ba zai ba shi ba.

Ranar da suka zo gaisuwa, Kaka ta jawo ƙullin. Angon ya juya ya fuskanci bango kamar kullum.

"Juyo, angona," ta ce. "Hannuna ya fara rawa. Ku matso ku biyu."