Farin Ragon Gindin Tsamiya

Ranar Laraba ce, ƙarfe sha biyu da kwata na rana, kwana tara da ruwa ya ci Tungar Bauna. Hansatu, rage fitilar nan ki matso. Tunda kin ce ke ma za ki shiga ƙungiyarmu ta ceton dabbobi, gara ki ji wannan daga bakin yayarki.

Aikin sa kai ne. Da yake a asibitin dabbobi nake aiki, sai aka ba ni jirgin ruwa guda. Mu uku ne: ni, da Mamuda mai kama dabbobi, da Baba Jatau, tsohon masuncin da ke tuƙa mu. Mutanen gari an kwashe su zuwa firamaren da ke kan tudu. Awaki da tumaki aka bari, wasu a kan rufin ɗaki, wasu a turke.

Dokata biyu ce. Dabbar da muka samu a ɗaure, a yanke igiya. Wadda ta shiga jirgi, in shafa mata shuɗin fenti a gadon baya, don a san tana hannunmu har mai ita ya zo. Ni na zaɓi fentin da kaina. Irin wanda ruwa ba ya wankewa.

A bayan gari akwai ɗan tudu da tsamiya a kai. Nan muka hango rago. Fari tas, babu ɗigon baƙi. Igiyarsa sabuwa. A gabansa ƙwarya cike da nono, ko ƙuda babu a kai.

Baba Jatau ya kashe inji.

"Malama, wannan ba namu ba ne."

"Na wa ne?"

"Yana da mai shi."

"To mai shi ya zo makaranta ya karɓa."

Mamuda ya yi dariya. "Baba, ko so kake mu bar shi ka dawo da wuƙa da yaji?"

Baba Jatau bai ko dube shi ba. Ya yi ƙasa da murya. "Duk shekarar da ruwa ya wuce kima, dattawan garin nan sukan ɗaure farin rago a nan. Ruwa ya karɓa, ya koma. Ba mantuwa aka yi ba."

Na dubi tudun. Saura taku biyu ruwa ya kai ƙafar ragon. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa juya wa dabba baya tana ɗaure ba. Na ce, "Mamuda, yanke."

Ya yanke. Na shafa fenti.

Ragon bai yi kuka ba, bai yi tirjiya ba. Ya tsaya a tsakiyar jirgi yana kallon inda muka baro.

Ba mu yi nisa ba inji ya mutu. Rana tsaka, amma ko'ina tsit. Ko tsuntsu. Baba Jatau ya zura gora don ya tura mu. Gorar ta fi tsayin mutum biyu. Ta shige duka, ba ta taɓa ƙasa ba.

Sai ga mace tsaye a gabanmu. Doguwa, da farin zane, ƙwarya a ka. Ruwan iyakar idon sawunta, a daidai inda gora ta rasa ƙasa. Zanen a bushe yake. Na dubi ƙafar ta cikin ruwa. Babu yatsu. Kofato ne.

"Sannunku da aiki."

Bakinta bai motsa ba. Daga ƙarƙashin jirgi muryar ta fito, a tafin ƙafata na ji ta. Baba Jatau ya sunkuyar da kai yana addu'a.

Ta ce, "Wa ya kwance mini rago?"

Mamuda ya yi tari. Ya sake yi. Sai ruwa ya fara zuba ta hancinsa da bakinsa, jan ruwan kogi, har da guntayen ciyawa. Ya durƙusa ya riƙe maƙogwaro. Hansatu, mutum ne yake nutsewa a cikin busasshen jirgi, ina kallo.

Na ce, "Inna, ni na sa shi. Ki yi haƙuri. Ga ragonki."

"Nawa fari ne. Wannan kin sa masa shaidarki."

"Zan goge."

"Goge. Ni ba sauri nake ba."

Na sa sabulu na cuɗa. Shuɗin yana nan daram. Na ɗebi fetur a tsumma na goga, sai ya ƙara yaɗuwa, daga faɗin tafin hannu ya koma faɗin faifai. Mamuda ya daina tari, sai wani gurnani a ƙirji.

Na ce da Baba Jatau, "Kwantar da Mamuda ta gefe, ka tallabe kansa." Na buɗe akwatin magani, na ciro almakashi da rezar da nake aske gefen ciwo.

Baba Jatau ya raɗa mini, "Kada ki fitar da jini. Jini ma shaida ne."

Na durƙusa a gefen ragon. Sannan na fara aske shi daga wuya, a hankali, layi bayan layi, kamar yadda nake koya wa sababbin ma'aikata. Duk gashin da na aske, a tafin hagu nake tarawa, don kada ɗaya ya koma jikin ragon. Ina aski ina sauraron numfashin Mamuda. Tsakanin ɗaya da ɗaya sai ƙara nisa yake. Matar ba ta ƙifta ido ba.

Da na gama, na bi fatar da yatsa sau biyu. Na sami sili uku a bayan kafaɗa. Na cire.

Ban tura ragon ba. Da kansa ya tsallake bakin jirgi, ya taka ruwa kamar daɓe, ya je ya tsaya a gefenta. Ta shafa bayansa. Sannan ta dubi hannuna na hagu.

"Shaidar ba ta ɓace ba. Wuri ta sake."

Na buɗe tafin. Gumi da fetur sun narkar da fentin, ya shiga fata.

"Ki riƙe," in ji ta. "Randa nake neman ki, ba zan sha wahala ba."

Na ɗago kai. Babu ita, babu ragon.

To ki ji. In kin shiga aikin nan, kada ki bi bayan Tungar Bauna ke kaɗai, ko da rana tsaka. In kin ga dabba da sabuwar igiya da ƙwarya a gabanta, ki tambayi ɗan gari kafin ki ce a yanke.

A ranar, bayan ta ɓace, inji ya tashi da ja ɗaya. Mamuda ya yi kwana shida a asibiti, aka rubuta cewa daga ruwa aka tsamo shi, bai kuma sake shiga jirgi ba. Ruwa ya janye ranar Juma'a. Damina uku ke nan. Ɗago fitilar, ga tafin. Shuɗin bai fita ba.