Akwatin da Saudat Ta Ɗauko daga Kebbe

Ranar da abin ya fara, Saudat tana zaune a ƙofar ɗakinta, kwamfutar mijinta a buɗe a gabanta kan tabarma, rana kuma ta riga ta faɗa bayan katangar maƙwabta. Uwarta, Inna Atu, tana kwashe tuwo. Kamila, 'yar Saudat mai shekara goma sha biyu, tana kora kaji akurki. Babu abin da ya raba wannan yammaci da waɗanda suka gabace shi.

Da safen ne yayanta Shafi'u ya kai ta Kebbe a babur, suka buɗe shagon mijinta Mannir, wanda yake a garƙame tun daminar da babur ya zame da shi a hanya aka kawo gawarsa. Saudat ta gama takaba, ta dawo gidan iyayenta a Tambuwal, ta zauna. Ba ta yi wani kuka ba a lokacin, daga baya ma bai zo ba. In an ba ta abinci ta ci, in an gaishe ta ta amsa. Mutane suna yaba haƙurinta. Ita ta san ba haƙuri ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ne, ko an tsunkule ta ba a ji.

Abin da ya tashe ta shi ne wata shugabar makaranta da ta zo gaishe da Inna Atu, tana kukan cewa takardun jarrabawar da aka buga mata sun lalace, cutar kwamfuta da ake kira bairos ta cinye su a cikin filashi. Saudat ta tuna kwamfutar Mannir ba ta taɓa yin irin wannan ciwo ba. Linux ya sa mata, manhajar da kowa ke da izinin ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara abin da ya ɓaci. Shi ya koya wa Saudat, a zaman da suke yi a shago in kasuwa ta watse. Ta ƙudura ta ɗauko kwamfutar ta fara aikin buga takardu.

Da ta cire marfin akwatin kwamfutar ta tarar da ƙura ta yi kauri kamar gashin tunkiya, zanzaro kuma ya yi gini a kusurwa. Ta jawo injin hura iska.

"Saudat, bari sai gobe," in ji Inna Atu. "Almuru ta yi, ba a kakkaɓe-kakkaɓe yanzu."

"Na kusa ƙarewa, Inna."

Ta hura. Ƙurar ta tashi da ɗumi, da ƙauri irin na gashin da wuta ta taɓa, kuma a cikin ƙarar injin ta ji wani siririn kuka, ta ɗauka fankar ciki ce. Ta yanko tsohon gidan sauro ta liƙe ramukan shan iska don kada zanzaro ya dawo. Ta mayar da marfi, ta ɗaure kusoshi, a kan na ƙarshe ta ce bismillah kamar yadda bakinta ya saba.

Suna cikin sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki.

Washegari kwamfutar ta ƙi tashi. Allo baƙi, farin rubutu na cewa faifan ajiya ya sami matsala. Saudat ta sauko da Linux ta wayarta, ta zuba a filashi, ta tayar da injin daga can, ta ba da umurnin a bincike faifan. Yana tambaya tana amsa i, yana tambaya tana amsa i, har ya gyaru. Kalmar sirrin Mannir ta tafi da shi kabari, sai ta bi ta hanyar gyara ta sa sabuwa. Ta sabunta duk abin da ya tsufa. Akwai wata ƙofa da ya bari a buɗe don ya riƙa shiga kwamfutar ta wayarsa in ya yi tafiya. Ta toshe ta, ta tayar da katangar da ke hana kowa shigowa ta intanet. Hannunta yana tuna komai. Zuciyarta dai shiru.

Aiki ya fara zuwa, takardun jarrabawa da katin suna da na ɗaurin aure. Jifa ma bai fasa zuwa ba. Da rana ta yi ja sai ya soma, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa. Shafi'u ya kewaya gidan da tocila bai ga kowa ba. Ya tsinto duwatsun, jajaye, da ɗumi kamar an ciro su daga toka. Bayan jifa sai murya ta biyo daga bayan rumbu, ƙasa-ƙasa, irin ta tsohuwar da ke lallashin yaro ta bayan ƙofa. Inna Atu ta bar cin tuwo a tsakar gida. Maƙwabta suka rage shigowa.

Saudat tana jin duk wannan kamar a gidan wasu ake yi. Wata magariba ta zare wayar wutar kwamfutar daga sola, ta ga fankar akwatin tana ci gaba da juyawa a hankali. Ta tsaya tana kallo har fankar ta daina. Ta rufe ɗakin ta je ta yi alwala.

Kamila ce ta fara sakewa. Ta rage ci, ta rage magana. In almuru ta yi sai a same ta durƙushe gefen akwatin, ta kafa kunne a jikin ƙarfen, tana ƙwaƙular gidan sauron da farce. Ranar da uwarta ta janye ta, yarinyar ta sandare ta faɗi, idanunta suka juye. Wata murya ta fito daga bakinta, busasshiya, ta tsohuwa.

"Buɗe."

Inna Atu ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Saudat ta ɗauki 'yarta ta kwantar a tabarma, ta ce wa Shafi'u ya shirya zuwa Dogon Daji da safe ya ɗauko malami.

Malam Ɗanmaliki ya iso bayan la'asar, dattijo ne siriri mai ƙarancin magana. Ya sa aka shimfiɗa Kamila a tsakar gida, kakarta ta riƙe ƙafafunta, aka fito da akwatin aka ajiye nesa kaɗan. Ya ɗora yatsa a goshin yarinyar ta bisa mayafi, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe su. Kaji suka shiga akurki da kansu. Sai yarinyar ta yi wani dogon nishi, ta tashi zaune da ƙarfin da ba nata ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma daga ina?"

"Mu na Kebbe ne. Ga kanyar bayan shago muke tun kakanni. Da anka sare ta munka koma rufin shagon, mai shi bai taɓa cutar mu ba. Da ya mutu munka iske akwatin ga, da duhu, da shiru, munka shiga."

"Mi anka yi maki?"

"Uwar yarinyar ga ta hure mu da iska da almuru, ba sallama. Ni na faɗo waje. Ɗana ƙarami shina ciki. Ta rufe da sunan da ba mu iya buɗewa."

"To mi ya kai ki ga yarinya? Ita ta rufe?"

Kan Kamila ya juyo a hankali ya fuskanci uwarta. "Na yi jifa, ba ta ji ba. Na yi magana, ba ta ji ba. Na nemi shiga jikinta ita kanta, na iske ba kowa ciki, kuma ba ƙofa. Wagga mata ba ta jin komi."

Babu wanda ya dubi Saudat. Ita ma ba ta musa ba.

"Za a buɗe maki," in ji Malam. "Ki ɗauki ɗanki ki fita daga jikin yarinya, ki koma inda kinka fito."

"Shagon ya yi sanyi, Malam. Nan akwai mutane." Maƙogwaron yarinyar ya motsa sama da ƙasa kamar mai haɗiyar abu mai ƙaya. Da bakin ya sake buɗewa, murya ta namiji ce, mai kauri, mai 'yar gajiya irin ta wanda ya wuni a shago.

"Sauda. Kin ko ci abinci?"

Babu mai kiranta Sauda sai mutum ɗaya. Sukurdireban kwance kusoshi da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

Tsohuwar murya ta dawo. "Shekaru nika saurarensa daga rufi. Na riƙe duk abin da ya taɓa ce maki, da wanda ya ce ba ki nan. Ki bar mu cikin akwatin nan gidan. Ki ara mani yarinya da almuru kaɗai, kullum in yi maki shi."

Malam bai ɗaga murya ba. "Ɗiyata, wanda ya tafi ya tafi, wannan kwaikwayo ne. Ina iya korar ta da ƙarfi, amma in zuciyarki na kiran ta, za ta dawo. Daga bakinki nika so ta ji."

Inna Atu ta ɗago ta dubi 'yarta. Saudat tana so. Tun ranar da aka kawo gawar, wannan ne abu na farko da ta ji tana so, kuma son ya zo mata da zafi kamar jinin da ke komawa cikin ƙafar da ta mutu. Ta matsa kusa don ta ji ko zai ƙara. A nan ta ga jijiyoyin wuyan Kamila sun taso, ta ga ɗan jini a gefen leɓenta. Maƙogwaron yarinya ne aka tilasta wa ɗaukar muryar babban mutum.

"A'a," ta ce. "Ki fita."

"Ba za ki ƙara jin shi ba."

"Na sani."

Aka koma ciniki. Aljanar ta ce a mayar da akwatin Kebbe, a kusurwar da aka ɗauko shi, kada a sake taɓa shi. Malam ya yarda. Saudat ta ce faifan ajiya nata ne, aikinta da na mutane na ciki.

"Ɗauki abinki," in ji muryar. "Juyi shika yi, shina hana ɗana barci."

Saudat ta tsugunna ta ce bismillah, ta kwance kusoshin, ta yage gidan sauron, ta zare faifan ta naɗe a gefen zanenta. Wata iska mai ɗumi ta fito ta shafi hannunta ta wuce. Malam ya sa aljanar ta rantse ba za ta dawo ba, ita ko wani nata, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta yi rawa a hannun Inna Atu. Kamila ta yi atishawa, ta sulale, barci ya ɗauke ta. Daga masallacin unguwa aka kira magariba, kuma kwanon ɗaki bai yi ƙara ba.

Da safe Shafi'u ya ɗaura akwatin a babur ya mayar. Shugabar makarantar nan ta aiko da wata tsohuwar kwamfuta da ke ajiye ba ta aiki. Saudat ta yi sallama kafin ta buɗe ta, da hantsi, ta sa faifanta a ciki. Linux ya tashi kamar bai sake gida ba, komai na inda ta bar shi.

Kamila ta yi kwanaki muryarta a dishe, sai kunu take iya sha. Ba ta tuna komai ba. Wata rana da la'asar ta jawo kujera ta zauna kusa da uwarta, tana kallon rubutu na tafiya a allo.

"Umma, Inna ta ce na yi muryar Baba."

Saudat ta ɗauke hannu daga madannai. "Kin yi."

"Kowa ya ji, ni ban ji ba." Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Yaya take? Na fara mantawa."

Saudat ta buɗe baki za ta kwatanta, ta ga ba za ta iya ba. 

"Tana da kauri," ta ce. "In zai yi dariya, da tari yake farawa."

"Sai kuma mi?"

Saudat ta kashe allon, ta juyo da kujerarta ta fuskanci 'yarta, ta fara ba ta labari tun daga ranar da ta fara jin sallamarsa a zaurensu.