Abin da Toma Ya Zaɓa

"Ba zan sa hannu ba, Sanda! Ko sau ɗari za ki ajiye mini takardar nan kusa da tuwon masarata."

"Horia, don Allah ka saurare ni..."

"Na saurara. Yaro yana rarrafe, yana ci, yana dariya. Me ya same shi?"

Sanda ta kalli ƙofar ɗakin da 'yarsu Mirela take kwance. Shekararta biyar. Tana 'yar shekara biyu, in ta sheƙa da gudu a gonar tuffa ba mai kama ta. Yau ko kanta ba ta iya ɗagawa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne na gado, kuma gwajin jini ya nuna ƙaninta Toma, ɗan wata goma sha ɗaya, yana ɗauke da shi, bai dai fara nunawa ba.

"Ita ma haka take dariya lokacin da take kamarsa," in ji Sanda.

Likitocin wani asibitin bincike a Italiya sun ce a kawo yaron. Za su ɗebi ƙwayoyin jininsa, su gyara abin da ya gada a lalace, su mayar masa. Ba su yi alkawarin warkewa ba. Sun dai ce da zarar ciwon ya taɓa ƙafa, an makara. Kuma dole uwa da uba su sa hannu.

"Ɗana ba ɓeran gwaji ba ne!" Horia ya buga tebur. "Kin ji kuma maganin farko gashi yake zubarwa. Yaron da ba a yi wa askin farko na cika shekara ba? So kike kakata ta tsine mini daga kabari?"

"Gashin ne kake tsoro, masoyina, ko kuwa..."

Ya suri hularsa ya nufi wajen tumakinsa. Mazan ƙauyukan kan dutse haka suke, gara su tada gida da faɗa da su buɗe baki su ce suna tsoro.

Sanda ta share hawaye, ta ɗauki Toma, ta tafi gidan Nasha Doina, tsohuwar da ta tsaya musu ranar aure, ta kuma riƙe yaransu a wankan baftisma. Ita kaɗai ke da ikon sa almakashi a kan yaron, don haka Sanda ta roƙe ta a yi askin tun kafin lokacinsa.

Ranar Lahadi bayan coci, Horia ya tarar da gidansa cike da dangi, ƙamshin naɗin kabeji da nama ya cika ko'ina.

"Wane irin aski ne wannan, Nasha? Saura wata guda!"

"Ni na riƙe maka kyandir ranar aurenka, ƙafarka tana rawa kamar ta sabon maraƙi. Ni za ka koya wa ƙirgen wata? Riƙe ɗanka, ka rufe mini baki!"

Aka kwashe da dariya. Horia ya karɓi yaron yana huci.

Nasha ta yanki gashi ta gaba, ta baya, dama da hagu, ta manne shi da kakin kyandir. Sai aka kawo tiren zaɓi, don abin da yaro ya fara ɗauka shi ake cewa rabonsa. Ga makulli, ga littafi, ga zobe, ga burodi. Ga biron da Sanda ta tura can gaba-gaba.

Toma ko kallon tiren bai yi ba. Ya juya, ya cusa hannu cikin aljihun ƙirjin babansa, ya yi ta ja har ya zaro wani ɗan jan takalmi.



Sanda ta dafe baki. Takalmin Mirela ne, ƙafar hagu, wanda ta yi tafiyarta ta ƙarshe da shi.

"Shekara uku ina neman takalmin nan, Horia..."

"Kullum yana nan," in ji shi. "In na kai shi can ya mutu a hannunsu, ni na kashe shi, Sanda. In na bar shi a nan..."

"Mu biyu muka haife shi, hasken idona. Duk abin da ya zo, mu biyu za mu ɗauka."

Nasha ta fyace hanci da bakin ɗankwalinta. "To, yaro ya faɗi nasa. Tafiya yake so. Kai kuma me ka zaɓa, ƙaton banza?"

Horia ya daɗe yana kallon ɗansa, wanda ya tura takalmin a baki yana tsotsa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki biron daga kan tire.

Da ya gama sa hannu, ya shiga ɗakin Mirela, ya durƙusa ya sumbaci ƙafarta. Sanda tana tsaye a bakin ƙofa, hawaye har wuya.

"Ina ƙafar dama ta takalmin?" ya tambaya.

"Tana ƙasan akwatina."

"Sa su a jakar tafiya."

"Na mata ne fa, Horia. Ja ne, har da fure!"

"Haka zai sa su," in ji shi. "Ya dai taka, in ga wanda zai yi masa dariya."