Nono Babu Jariri

"Babu ciki," in ji likitar, ta juyo min da fuskar na'urar. "Mahaifarki fayau take."

Na tashi zaune, man da ta shafa min a mara yana bin zanina. Na roƙe ta ta sake dubawa. Wata da watanni ban ga al'ada ba, ga nono yana jiƙa min riga har sai na cusa ƙyalle... in ba ciki ba ne, mene ne?

Mijina yana tsaye bakin labule da garin katako a gashinsa, don daga shagonsa na kafinta ya taho.

Likitar ta sa aka ɗebi jinina, ta ce mu dawo wani mako.

Shekarunmu da aure ina jiran wannan ciki. Surukata ta riga ta shaida wa dangi kaf, mijina kuma har ya fara haɗa gadon jariri. Da muka shiga gida da labarin, mun tarar da surukata da yayar mijina suna jiranmu.

Yayarsa ce ta fara magana. Dama ba ta taɓa ƙaunata ba, tun da ya ƙi ƙawarta ya zaɓi tela. Ta ce nono ba ya zuwa haka kawai, cikin ya shiga, ni na zubar da shi don kada keken ɗinkina ya tsaya. Har rantsuwa ta yi wai ta gan ni a kantin magani.

Surukata ta dafe ƙirji tana salati. Ni duk wannan bai kashe ni ba.

Abin da ya kashe ni, da muka shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya tsuguna gabana ya kama hannuna.

"Masoyiya... ki faɗa min gaskiya. Ko mene ne, zan iya ɗauka."

Na zare hannuna.

"Har kai ma?"

Ranar na haɗa kayana na koma gidanmu. Na kwana uku ban iya haɗiye ko ruwa da daɗi ba. Innata tana shafa min baya tana cewa in yi haƙuri, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni kuwa ba ƙaryar ce ta dame ni ba. Jikina ne nake tsoro. Ya yi nonon da babu mai sha, ya hana ni jinin da kowace mace take gani. Wayar mijina tana shigowa, ina kallo har ta tsinke.

Ranar karɓar sakamako ni kaɗai na tafi. Ina shiga na hango shi a kan bencin jira, ya rame, rigarsa a birkice. Ya miƙe. Na wuce shi, ya biyo ni har gaban likita.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke aika sinadaran da ake kira homon, su umarci ƙwan mace ya nuna ya fito kowane wata. Tawa ta rikice, tana zuba sinadarin nono fiye da kima. Jikina ya ɗauka shayarwa nake, sai ya daina sakin ƙwai. In babu ƙwai, babu al'ada, babu ciki.

Mijina ya tambaye ta ko an taɓa samun cikin.

"Ko kusa," ta ce. "Amma akwai magani, kuma mata da yawa suna haihuwa bayansa."

A harabar asibitin ya tare ni, idonsa jajir.

"Na tambaye ki abin da bai kamata in tambaya ba. Ki yafe min, rabin raina."

Na so in yi masa tsiwa, kuka ya riga ni.

Shi da kansa ya zaunar da mahaifiyarsa da yayarsa ya maimaita musu maganar likita. Ya ce duk wanda ya sake jifana da wannan kalma, shi ya jefa. Surukata ta aiko min da ban haƙuri. Yayarsa har yau ba ta gaishe ni da sakin fuska, ban kuma damu ba.

Maganin bai zo da sauƙi ba. Jiri, tashin zuciya, wani lokaci zare ma ba na iya sa wa allura. Nonon ya ƙafe, amma wata ya wuce shiru, wani ma ya bi shi. Na fara cire rai.

Wata safiya ina kan keke sai na ji bayana ya riƙe, marata ta murɗa irin murɗar da na manta. Na shiga banɗaki... na fito ina kuka ina dariya.

Ko mayafi ban daidaita ba na nufi shagonsa. Ya ajiye zarto yana kallona a tsorace.

"Ta zo," na ce.

Ya zauna a kan katako ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Can ya ɗago ya tambaye ni me zai sayo min. Na ce auduga.

Mutumin da ko sunan abin yake jin kunyar faɗa, ranar shi ya shiga kanti ya sayo audugar mata, ya riƙo ta a hannu har gida, ko leda bai karɓa ba.