Ranar da Hayaƙi Ya Cika Zaure

A garin Tudun Wada akwai wani yaro ɗan aji shida na firamare. Ba abin da yake so kamar tsohon babur ɗin babansa, Malam Ladan.

Babur ɗin ya gaji. Da an tayar da shi, sai ya yi ta aman hayaƙi. Kullum Malam Ladan yana ce masa, "Kada ka taɓa shi. Sai na kai wa Mamman bakanike ya duba."

"To, Baba," in ji yaron. Amma a baki kawai ya amsa.

Wata rana abokinsa Maikano ya ce masa, "Ka ƙara baƙin mai a tankin, ka murɗa da ƙarfi. Za ka ga hayaƙi kamar na babbar mota."

Ranar Asabar da safe Malam Ladan ya tafi gona a ƙafa. Inna tana wanke-wanke a tsakar gida. Yaron ya lallaɓa zaure, inda ake ajiye babur ɗin. Ya rufe ƙofar waje don kada maƙwabta su gan shi. Ya zuba baƙin man, ya tayar da babur, ya yi ta murɗawa.

Nan da nan hayaƙi ya turnuƙe zauren. Yaron yana ta dariya.

Bai san ƙanwarsa Bushra tana bayan buhunan masara tana wasa ba. Shekarunta huɗu, kuma tana da ciwon asma.

Sai ya ji tari. Ya kashe babur ɗin da sauri. Ya tarar da Bushra a durƙushe, ta dafe ƙirji, tana neman numfashi.

Inna ta shigo a guje, hannunta duk kumfa. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta sungumi yarinyar, ta ce masa, "Je ka tare mana adaidaita sahu!"

A hanya suka tarar da cunkoso a bakin tasha. Motoci da babura sun yi cirko-cirko, ba mai gaba, ba mai baya, kuma ba wanda ya kashe injinsa. Hayaƙi ya yi ta shigowa inda suke zaune. Inna ta rufe fuskar Bushra da mayafi, tana ta addu'a. Yaron ya kalli hayaƙin nan, ya ji ya tsane shi.

A asibiti aka sa wa Bushra abin taimakon numfashi. Likita ya ce, "Me ta shaƙa?"

Inna ta kalli yaron. Ya sunkuyar da kai.

Da azahar Malam Ladan ya iso, ƙafafunsa duk ƙasar gona. Yaron ya durƙusa a gabansa yana kuka.

"Baba, ni ne. Ni na tayar da babur ɗin a zaure. Ka yafe mini."

Malam Ladan bai dake shi ba. Ya dube shi, ya ce, "Je ka zauna kusa da ita. Ka saurari yadda take numfashi."

Yaron ya zauna. Ƙirjin Bushra yana ƙara kamar ana busa usur a hankali. Da dukansa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Ranar Litinin ya je makaranta jiki a sanyaye. Malama Fiddausi ta lura da shi, ta kira shi gefe. Ya gaya mata komai.

Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma ka san wani abu? Abin da ya faru a zaurenku, shi ke faruwa a gari kullum, sai dai a hankali."

"Malama, ai na waje iska ce ke kwashe shi."

"Tana kwashe shi, amma ba ya ɓacewa. Wani ya shiga huhunmu. Wani ya taru a sama, ya ƙara zafin duniya, har damina ta riƙa rikicewa."

"To me za mu yi, Malama?"

"Inda ke kusa, a taka a ƙafa ko a hau keke. Inda ke nesa, a haɗu a mota ɗaya. Mai inji ya gyara injinsa, in ya tsaya kuma ya kashe."

Yaron ya riƙe maganar. Da aka tashi, ya samu Maikano ya gaya masa halin da Bushra take ciki. Maikano ya ce zai bi shi dubiya.

Ranar Talata aka sallami Bushra. Malam Ladan ya tura babur ɗin da hannu har wurin bakanike, bai yarda ya tayar da shi ba. Da aka gyara, hayaƙin ya ragu sosai.

Shi kuwa yaron ya daina hawa acaɓa zuwa makaranta. A ƙafa yake tafiya, shi da abokansa biyar, suna hira.

Bayan mako guda, ya dawo gida ya tarar da Bushra tana tsere da 'yan akuya a tsakar gida, tana ƙyalƙyala dariya. Ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Daga ranar ya gane cewa jin maganar iyaye kariya ce. Ya kuma gane iskar da muke shaƙa ta kowa ce. Wanda ya ɓata ta, nasa yake fara cutarwa.