Ruwan Firji a Ƙafar Dogo

"Ruwan firji?! A ƙafar mara lafiya? Ke, kashe min ɗa kika zo yi?"

Mama ce tsaye a bakin ƙofa, ta kafe surukarta da ido. Dogo, ɗanta tilo, yana kwance. Tun bayan bikinsu ƙafafunsa suka fara yi masa nauyi, likita ya ce maiƙon da ke lulluɓe da jijiyoyinsa ne yake zaizayewa.

Amarya ta durƙusa, tawul na ɗiga a hannunta.

"Mama, ki yi haƙuri, aikina ke nan a lab, ɗakin gwaje-gwajenmu. Nakan shimfiɗa maiƙo siriri a kan ruwa, irin na fatar jijiya, in taɓa gefe ɗaya, motsin ya bi ta cikinsa har ɗaya gefen. Da zafin ruwan ya canza, tafiyar saƙon ma sai ta canza. Jijiyar da ta ji ciwo kuwa, likita ya ce zafi yana iya katse mata sigina—"

"Rufe min baki da siginarki! Da ruwan zafi na raine shi har ya yi wannan tsawon. Wallahi na sake ganin ƙanƙara a ɗakin nan, ko ya sake ki ko in ɗaga masa nono!"

Dogo ya juya fuska bango. Yana son matarsa kamar ransa, amma wa zai iya da bakin uwa? Amarya ta kwashe kwanon ruwan ta fita, hawaye sharɓe-sharɓe.

Washegari ta kama aiki a lab. Ta ƙara wa ruwan da ke cikin tiren gwajinta zafi, ta taɓa maiƙon, layin da ke tsalle a kwamfuta, mai nuna tafiyar saƙon, ya yi ƙasa, ya kwanta. Nan take ta tuna Mama da ruwan zafinta, ga Dogo a hannunta. Ta kira wayar Dogo, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ko jaka ba ta tsaya ɗauka ba, ta nufi gida.

Tun daga falo tururi ya tare ta. An rufe tagogi ruf, an lulluɓe Dogo da bargo, ƙafafunsa cikin baho na ruwan zafi. Mama na jijjiga shi tana salati.

"Ba na jin ƙafata," in ji shi da ƙyar. "Idona ma hazo nake gani."

Amarya ta yaye bargon, ta janye bahon, ta wangale tagogi, ta kunna fanka. Ta juya za ta nufi kicin, sai ta tuna rantsuwar jiya, ta tsaya cak. Aurenta ne a gefe ɗaya, ƙafar mijinta a ɗaya gefen.

"Mama, ko zai sake ni, bari in ɗauko."

Tsohuwar ta riga ta. Da kanta ta fita, ta dawo da kwanon ƙanƙara.

Suka yi ta shafa masa jiƙaƙƙen tawul. Can dai babban yatsan ya motsa. Mama ta fashe da kuka.

"'Yata, ki yafe min. Son sa ne ya rufe min ido."

Ciwon Dogo bai rabu da shi ba, da sanda yake tafiya har yau, amma aurensu ya tsira. Haƙurin Amarya ne ya jawo mata haka, don da ta rama zagi, da ba ta nan ranar da ake neman ta. So kuma, komai yawansa, in ba ya sauraro yana iya cutar da wanda ake so. Yanzu ko rana ta ɗan yi zafi, za ka ji Mama daga kicin: "'Yata, ƙanƙarar ta isa, ko in ƙaro?"